Kafaɗar Tanimu

Ni na fara cafe jifan Tanimu,
ba ma da ƙwallo ba, da ɗanyen mangwaro,
a bayan makarantarmu ta Yelwa, nan Garwa.
Ya jefo, na tare, tafina ya kumbura,
kwana biyu ban iya yanka loma da dama ba.

Kafin nan gonar masakwa ce makarantarsa.
Kakansa ya ɗora shi kan rumfar tsaro
da kwandon hoge, ya ce masa kori tsuntsaye.
Sauran yara ihu suke, suna dukan gwangwani,
shi kuwa sai ya zaɓi guda cikin dubu.

Ran nan ga wani malamin wasanni, baƙo daga Japan,
da farar ƙwallo mai jan ɗinki
da safar fata mai faɗin faifai.
Ya ce wai sunan abin besbol.
Muka yi dariya. Ya miƙa wa Tanimu.
Jifa uku, mai riƙe da gora bai ga ko ɗaya ba.
Baƙon ya cire hula, ya daɗe yana sosa ƙeya.

Mota zuwa Gaundare, jirgin ƙasa zuwa Yawunde,
daga nan sai murya a waya.
Ba babbar ƙungiya ba ce, shi ya faɗa mini,
wani gari ne mai ƙarnin kifi da yawan ruwa,
inda ake kiran sunansa a karkace
in ya hau ɗan tudun nan na tsakiyar fili.
Ya ce, Hamadu, can komai a rubuce yake,
saurin jifa, yawan jifa, har wanda ka yi da zazzaɓi.
Na ci arba'in da ɗaya, an ci ni talatin da takwas.

Kwanon rufin ɗakin innarsa daga kafaɗar nan ya fito.
Babur ɗin da nake haya da shi ma haka.

A shekara ta bakwai wani abu ya tsinke ciki,
ya ce ya ji shi kamar tsirkiyar garaya.
Likita ya tsaga, ya ɗinke,
ya bar masa tabo mai ƙafafu kamar shanshani.
Ya koma tudun, amma ƙwallo ta daina jin tsoronsa,
masu gora suka fara jiranta da murmushi.
Aka ba shi takarda, aka rusuna masa, aka raka shi tasha.

Yanzu auduga yake aunawa a ma'aunin kamfani.
A sahu, in liman ya yi kabbara,
hannunsa na dama kan tsaya a hanya.
Ba ya zancen. Ni ma ba na yi.

Sai dai wani yammacin, in Binuwai ya janye
ya bar mana rairayi,
yakan zaro tsohuwar ƙwallon daga aljihu,
ya ƙirga taku, ya ce tsuguna.
Takan zo a hankali, har ina ganin ɗinkinta yana juyawa.
Ina cafewa sai in ce wash, in yarfe hannu.

Ya san ƙarya nake yi.
Yakan ce, miƙo ta, saura biyu.