Mai Cewa A'a

A Bukoki, bayan shagon fotokofin Sha'aibu,
tebur takwas, panka ɗaya mai ciwon wuya,
mu goma sha shida, kowa da ƙunshin katinsa
cikin roba, a riƙe kamar laya.
Jika biyu kuɗin shiga.
Asabar ce, Yamai na tafasa a waje.

Wasu sun zo da mayaƙa,
wasu da wuta da dodanni masu fuka-fukai.
Ni kati sittin na kawo,
kusan arba'in daga ciki
kalma guda suka iya: a'a.

Ba a lekkwal na koyi wannan ba.
A Galmi na koya, gindin rudu,
inda babana ke jibge albasa,
ya rufe, ya shimfiɗa buzu.
Dillalai su zo lokacin ɗiba, ya ce a'a.
Su dawo da ƙari, ya ce a'a.
Sai kasuwa ta yi ƙishi, buhu ya ninka uku,
sannan ya kwance ƙofa yana hamma.

Zagayen farko, Hamani ɗan Yantala,
mai gaggawa kamar taksi mai jan kai.
Ya zubo runduna, na bar shi.
Ya ƙara, na bar shi,
har haƙoransa suka fara fitowa,
sai na ajiye kati ɗaya, fili ya koma fayau.
Ya faɗi wani abu da Zabarmanci,
ban nemi tafinta ba.

Na biyu da na uku sun wuce da tsaki.
Ba mai tsayawa a teburina.
Wa ke biyan kuɗi ya kalli mai gadi?

Na huɗu, Barira.
Shekarunta ba su wuce sha huɗu ba,
tawada a yatsa, kujera ta fi ƙarfinta.
Akwai katin da take ta leƙawa,
ta mayar baya, ta sake leƙawa.
Na san shi tun daga yadda take numfashi.
An ce wata biyar ta yi tana tara canjin burodi
kafin ta saye shi.

Ta jira. Ta ƙirga. Ta ajiye shi da hannu biyu,
dodo mai ruwan zinariya,
yara suka taso daga sauran tebura.
Na ce a'a.
Bai ko taɓa ƙasa ba.

Ba ta yi kuka ba, da ma ta yi.
Ta dube ni ta ce,
"Tonton, kai yaushe kake yin naka wasan?"

Na ce, da saura.
Na ja kati, a'a. Na ja wani, a'a.
Hannuna cike da makullai,
ba ƙofa ko ɗaya.
Ita kuwa ta koma ga ƙananan sojojinta,
ɗaya ya faɗi, ta tura ɗaya,
kamar mai ɗibar ruwa da ludayi.

Wuta ta ɗauke, panka ya sunkuya,
aka kunna fitilun salula.
Sha'aibu ya buga murfin tukunya: lokaci ya cika.
Kunnen doki.

Na kife ragowar katina ina dubawa.
Wanda zan ci wasa da shi
yana can ƙasa, na uku daga gindi,
yana barcinsa.

Akwai shekarar da babana ya buɗe rudu,
wari ya riga shi fitowa.
Bai ce komai ba.
Kwana biyu muna kwasa da baro.
Wannan ban taɓa ba kowa labarinsa ba.

Barira ta miƙo hannu, na ba ta katin.
Ta haska shi, ta karanta a hankali,
leɓenta na motsi.
"Ashe kana da irin wannan,
ka zauna kana ta hana mutane?"

Na biya kuɗin bisap biyu.
A hanyar gida, wajen Wadata,
mai taksi ya rage gudu, ya yi mini oda.
Kafin in tuna ƙafafuna sun gaji,
bakina ya riga ya ba shi amsa.