Darar Japan a Rumfar Ilu

Iskar damina ce ta karkata faifan dish ɗin Ilu
daren da muka biya kuɗin kallon ƙwallo a Majiya.
Ya hau rufin kwano, ya juya, ya sake juyawa,
sai ga mutum biyu gurfane bisa tabarma,
ba gudu, ba ihu, ba mai busa usur,
wani kututture mai kusurwa huɗu a tsakaninsu.

Samari suka ce a ba su kuɗinsu.
Ilu ya ce Japan ce, ya karanta a ƙasan allo.
Rumfa ta watse, saura ni da sauro
da Baba Cindo da ya shigo fakewar ruwa.

Ya ja benci gaba, ya kanne ido ɗaya,
ya ce, "Yaro, wannan ai dara ce.
Ƙirga gidajen ka gani."
Na ƙirga: tara sau tara.
Shi da ya shekara arba'in kan gurbi talatin,
kara goma sha biyu, dutse goma sha biyu,
a gindin tsamiyar bakin kasuwa.

Daga nan duk mako sai mun zo.
Sili-ɗaya-ƙwale suke yi, wanda ya faɗi ya tafi ke nan.
Ba mu iya sunayensu ba, sai muka raɗa musu namu:
Mai Tabarau, Dogon Wuya, Ɗan Auta,
da wani tsoho mai mafici ko babu zafi.
Wata mata a gefe tana ƙirga daƙiƙa
da murya ɗaya, kamar mai awon gero:
ba gyara, ba tauye mudu.

Mako na uku Baba ya dafa gwiwata.
"Ka ga abin da na gani?
Ɗan da aka ci bai mutu ba.
An aje shi gefe ya huta,
an juya masa baki, an mai da shi fage,
yanzu ubangidansa na jiya yake wa barazana.
Mu namu in an ci, sai a wurga shi bayan ƙafa."
Ya yi shiru har aka sa talla.

Amma abin da ya hana shi barci daban ne.
Tsoho mai mafici ya duba, ya duba,
ba wanda ya ce masa ya faɗi,
shi da kansa ya sunkuyar da kai,
ya faɗi kalma guda, gajera.
Sai kuma, maimakon kowa ya kaɗe rigarsa,
suka mai da 'ya'yan baya, su biyun,
suna nuna wa juna da yatsa
inda hanya ta rabu da mai ita.

Kowa a Majiya ya san zancen Tanko maƙeri:
shekara goma sha ɗaya ba sa gaisawa da Baba
kan kara ɗaya da aka ce ya matsa da dare ya yi.
Ko a jana'iza, sahu daban.

Ranar wasan ƙarshe, Ɗan Auta da Mai Tabarau,
man janareto ya ƙare ana tsakiyar tunani,
hannun Ɗan Auta a sama, da ɗa tsakanin yatsu biyu.
Har yau ban san inda ya aje shi ba.

Da hantsi na bi ta kasuwa sayen gishiri.
Baba na tsugune yana fafe gurabun da ƙasa ta cike,
ya karya kara, ya tsinto tsakuwa,
ya aiki jikansa maƙera.
Yaron ya dawo ya ce Tanko na kan zuga-zugi,
wai sai ƙarfe ya huce.
Baba ya ce to.
Ya kori akuya daga kan gurabun,
ya gyara zama.