Jajibirin Jarrabawa a Kantin Kwari

Gobe da ƙarfe tara zan shiga jarrabawa.
Yau ga ni a ƙuryar shagon Baffa,
zaune kan dilar atamfa,
littafi a cinya, biro a baki,
janareton maƙwabta yana ta tari.

Dakta Nafi'u ya ce mazhaba biyu zai tambaya.
Ta farko ta ce ƙasashe 'yan kasuwa ne:
mai binka bashi ba ya fatan ka mutu.
In ciniki ya yi kauri, bindiga sai ta yi tsatsa.
A kafa majalisa, a sa hannu, a buga hatimi,
ko kura ce, za ta koyi bin layi.

Ta biyu ta ce dakata tukuna,
wa ya ce maka kura ce?
Aboki da maƙiyi ba su zo duniya da suna ba,
baki ne ya raɗa musu.
Iyakar ƙasa ma zance ce
da aka yi ta maimaitawa
har ta zama ƙarfe da shinge da mai kaki.

Na ɗaga kai. Baffa na lasar yatsa,
yana buɗe littafin bashi
daidai shafin Alhaji Gonda na Maraɗi.
Babu takarda tsakaninsu, babu shaida.
Shekarar da aka rufe boda
kuɗin suka iso cikin buhun dabino,
a hannun wani direba mai ido ɗaya,
ko sisi bai yi ciwon kai ba.

Na ce, Baffa, me ya hana shi cinyewa?
Ya ce, yana so in ba shi kaya baɗi.
Na ja layi ƙarƙashin mazhaba ta farko.
Ya rufe littafin, ya yi shiru,
ya ce, kuma ubansa ya yi jinya a zaurenmu na Fagge,
ni na riƙa kai masa kunu.
Na goge layin.

To, Lin fa, Basine mai sito a bayan masallaci?
Shi da takarda muka fara, in ji Baffa,
shafi uku, da lauya, da hatimi ja.
Shekara takwas ina ƙirga dilolinsa sau biyu.
Bara da aka yi mana rasuwa
sai ga shi ya tuɓe takalmi a bakin tabarma,
ya ce Allah ya ba da haƙuri
da Hausarsa mai ɗingishi.
Yanzu sau ɗaya nake ƙirgawa.

Riba ce ta kawo shi tabarmar,
ko tabarmar ce ta sake masa suna?
Baffa ya ce wannan tambayar 'yan boko ce,
kaza da ƙwai duk a kasko ɗaya suke ƙarewa.

An fara kiran magariba.
Masu dako sun jingine amalanke.
Na ce, to wacce zan rubuta gobe?
Ya miƙo min kwado biyu,
ɗaya don ɓarawo, ɗaya don sabo.
Ya ce, rubuta musu wadda ta fi maki,
amma fara kama min ƙofar nan,
ita kam ƙarfe ce.