Baƙin Ruwa a Kwalbar Turare

Shekara arba'in da ɗaya ina jima a bayan Birni,
hannuna ya rine har sabulu ya haƙura da shi.
Toka na sani, bagaruwa na sani,
kashin tattabara ma na san ranar da yake nuna.
Abin da ban taɓa sani ba:
ina zan kai ruwan da na gama da shi?

Sakin shi muke yi.
Ya gangara jawur tsakanin duwatsu,
ya kwanta a tabki,
kwaɗi su yi ƙaura, awaki su shinshina su juya.
A garin da bido guda ke kai dala arba'in in bazara ta tsaya,
garin da mata ke kwana bakin famfo da tabarminsu,
mu muna zubarwa kamar masu kogi.

Sai Zuwera ta dawo,
autar nan da ke toshe hanci in ta kawo mini fura.
Ta fiddo kwalba, ba ta fi ta turare ba,
da wani baƙin ruwa a ciki.
Ta ce, "Baba, ƙarfe ne."
Na ce ƙarfe yana maƙera, in an buge shi yakan amsa.
Ta ce, "Wannan ba niƙa shi aka yi ba,
da ƙanƙantarsa aka haife shi,
kuma da ruwan bagaruwarka na dafa shi.
Ciri gashin akuya guda,
tsaga shi gida dubu biyar,
tsagi ɗaya, to, ga kaurinsa."

Kalla ya yi dariya har wuƙa ta faɗi:
"Boko ya koma tsibbu!"

Ba ta tanka ba.
Ta ɗebi ruwan rini a kwano, ta ɗiga, ta motsa da kara.
Muka jira kamar tafasar shayi na fari.
Sannan ta kara maganaɗisu a gefen kwanon,
wanda ta ɓalle daga tsohuwar rediyona ba da izini ba.
Baƙin nan ya taso,
ya yi gefe kamar tururuwa ta ji sukari,
kowace ƙwaya da jan kayanta a ka.
Na leƙa.
Na ga gindin kwano, har da tsagar da ke jikinsa.

"Kada ka sha," in ji ta,
"bai kai nan ba tukuna.
Amma gobe zai jiƙa maka wata fata."

Kwano guda ne fa, na sani,
ramukanmu kuwa goma sha bakwai.
Ta zauna kan turmi tana lissafi a bayan kwalin shayi:
kuɗin kwalabe, faifan rana da zai juya injin motsawa,
inda za a binne daƙashin in an tara.
Lissafin bai fita ba. Ta soke, ta sake.

Ni da na ɗauka
maganin ƙishin Damagaram ƙato zai zo,
bututun da mutum zai yi rarrafe a ciki,
da manyan baƙi, da almakashi, da tafi.

Yau da asuba ina kankare fata,
gashi guda ya manne mini a yatsa.
Na ɗaga shi ga haske,
na daɗe ina neman ta inda za a fara tsagawa.
Kalla ya kira ni sau uku kafin na ji.