Jimla Uku a Daren Laraba

Daren Laraba, bayan isha'i,
a ajin manya na bayan Ƙofar Marusa,
inda bencin na yara ne, gwiwa na dukan tebur,
Malama Barira ta juya ga allo
ta rubuta da alli mai ƙara:
me kake yi in ka sami sarari?
Ta ce kowa ya amsa da Turanci, jimla uku,
kada wanda ya fake da tari.

Littafi ya ba mu misali.
Yaro mai jan gashi yana iyo a shuɗin ruwa,
wata tana liƙa kan sarki a kundi,
wani dattijo yana yawo da kare a igiya.
Sada mai walda ya ce, Malama,
wanda ya ja kare haka a unguwarmu
sai an je gaishe da iyalinsa.

Mani ya ce kallon ƙwallo,
ya faɗa tiryan-tiryan, har da sunan kulob.
Delu ta ce saƙa, harshe ya sarƙe,
ta ɗaga hular da ke cinyarta,
hular ta ƙarasa mata zance.
Abashe ya ce barci. Aka tafa masa.

Ni faci nake yi a bakin titin Ƙofar Ƙaura,
tun hantsi har motoci su kunna fitila.
Na lalubi sarari a cikin yinina
yadda nake neman huji a tiyub:
in tsoma a ruwa, in juya, in jira kumfa.
Kumfa ba ta taso ba.
Na ce, Malama, ni ba ni da shi.

Ta ce, da asuba fa, kafin ka fito?

Sai na ga katangar bayan ɗakina,
tsofaffin tukwane da galan-galan da na rataya,
tattabaru goma sha bakwai.
Ga Gwamna mai kumbura wuya,
ga Gurguwa da na ƙwato a bakin kyanwa,
ga 'Yar Jibiya, wadda na sayar saboda kuɗin magani,
kwana tara ta dawo, ta sauka kan randa
kamar aike na yi mata.

Na buɗe baki.
Turanci ya tokare kamar ƙayar kifi.
Na san kalmar so, na san kalmar tsuntsu,
na ɗaura su da ƙyar, na ce ina son tsuntsu.
Sada ya ce, soyayye ko gasasshe?
Ajin ya ɗauka, har mai gadi ya leƙo.

Malama ba ta yi dariya sosai ba.
Ta rubuta mini sunan tattabara,
harafi shida, akwai ga a tsakiya
amma a baki ja ake cewa.
Na kwafa a bayan rasit ɗin gam.

Ban tambaye ta sauran ba.
Yaya ake cewa sun tashi gaba ɗaya
da ƙara kamar ana kaɗe tabarma,
sun kewaya ta wajen Gobarau sau biyu,
ni ina ƙasa da kwanon gero
ina ƙirga su da leɓe?
Wace kalma ce ta wannan tsayuwar,
in goma sha shida sun sauka
ido yana sama?

Yau da asuba na gwada a kansu.
Ina da tattabaru goma sha bakwai: ɗaya.
Ina ba su gero da safe: biyu.
Gwamna ya karkata kai, bai gyara mini ba.
Gurguwa ta taka mini ƙafa.

Ta ukun tana nan tukuna.
Na sa rasit a aljihu, na ɗauki famfo,
akwai tayar Mani tun jiya tana jirana,
kuma Laraba da sauran kwana shida.