Ƙafar Tebur

A Aboabo, ranar da za mu rufe makaranta,
ruwa ya kwana yana dukan kwano,
ya bar mana taɓo har bakin aji.
Na shigo riƙe da takalmina,
na iske teburina ya cika kamar faifan 'yar talla.

Barikisu ta ɗinko mini jakar alli
da ƙyallen atamfa daga shagon innarta.
Ɗinkin ya karkace kamar lungun Alabar,
rabi baƙin zare, rabi ja,
don baƙin ya ƙare mata da tsakar dare.

Fuseini da Alasan, tagwayen mai waace,
sun ƙera mota da gwangwanin madara,
tayoyin tsohon silifa, sitiyarin waya,
a bayanta sun rubuta: Sannu Ba Ta Hana Zuwa.
Wai ta Kejetiya ce, kuma ni ne direba,
in huta da rataya a bakin ƙofa.

Zaliya kuwa, ja'irar yarinya,
takardun lissafin da ta faɗi ta yayyanka,
ta naɗe su ɗaya-ɗaya, ta shafa musu sitaci,
ta shanya a rana, ta zura a zare, ta yi carbi.
Jan birona yana leƙowa daga kowace ƙwaya.
Ta ce, "Malam, ka riƙa ja, kana yafe mini."

Kwabena ya zana ni da kai kamar tulu.
Na karɓa. Gaskiya ba ta neman ado.

Sai Mutala.
Mutala na bencin baya,
mai zuwa bayan an kaɗa ƙararrawa,
da garin katako a gashin ido,
wanda in na tambaye shi bakwai sau takwas
sai ya sunkuyar da kai yana kallon ƙasa.
Ya buɗe tafin hannu:
guntun icce, bai fi babban yatsa ba,
ba fenti, ba zane, ba ko takardar naɗi.

Aji ya ɗauki dariya.
Wani ya ce, "Asuwaki ka kawo wa Malam?"

Bai tanka ba. Ya durƙusa,
ya sa kafaɗa ya ɗaga teburin,
ya cusa iccen ƙarƙashin gurguwar ƙafa,
ya miƙe, ya dafa, ya girgiza.
Tebur ya tsaya cik.

Shekara shida yana mini rawa.
Na sa kwali, damina ta cinye,
na sa dutse, masu shara suka kwashe,
na rubuta wa ofis har sau biyu
har na saba rubutu ina tokare shi da gwiwa.

Ya ce, "Ran Talata na auna da tsinken tsintsiya.
Sau uku na fere kafin ya yi daidai.
Odum ne, Malam. Gara ba ta cinsa."

Ashe ba ƙasa yake kallo ba duk shekarar nan.

Da yamma na kwashe kayana a leda,
jaka, mota, carbi, da ƙaton kaina,
amma kyautar Mutala ba ta ɗaukuwa.
Tana can cikin ajin da aka kulle,
tana ɗauke da nauyi ba mai gani,
kamar uwa, kamar gishiri a miya.

Abin da ya hana ni barci daren nan shi ne
katin sakamakon da na miƙa masa da safe.
Tun jiya na cike shi, na sa hannu,
a layin ƙarshe, da jan biro, na rubuta:
Ba ya mai da hankali.

Gobe da asuba zan bi ta shagon kawunsa.
Ban san abin da zan ce ba tukuna.
Na dai sa baƙin biro a aljihu.