Ranar Ƙafa

Kowa fiffike yake tambaya.
Mai shayin bakin layi, yaran Iya Sikira,
har kwandastan danfo da ya leƙo ta katanga:
"Baba Sallau, yaushe zai tashi?"
Ban taɓa jin wanda ya ce yaya zai sauka ba.

Shekara shida yana kwance a rumfar bayan gidanmu a Agege,
fari fat, bisa jakunan katako biyu,
jikinsa zaren gilashi da gam, shimfiɗa kan shimfiɗa,
ba ƙafa,
kamar ragon ruwa a teburin mai kifi.

Yau Asabar, ranar ƙafa.

Da tiyon ruwa muka fara.
Daɓen rumfar nan maƙaryaci ne,
damina uku ta nutsar da kusurwar gabas,
ƙasar Ikko ba ta zama inda aka bar ta.
"Uwani, dubi ruwan," in ji Baba,
"shi kaɗai ne a garin nan ba ya karɓar na goro."

Na rataya dalma a zare, ɗaya a hanci, ɗaya a wutsiya.
Muka jira ta daina lilo.
Wani ƙaton jirgi ya bi ta kanmu zai sauka Ikeja,
kwanon rufi ya ɗauki kyarma, zare ya koma rawa,
muka sake jira.
Sannan alli: layi ɗaya tsakanin ɗigo biyu.

Ƙafa, in ji shi, bayan cibiyar nauyi take zama, kaɗan.
Ta yi gaba, jirgi ya zauna kan wutsiya
kamar kare mai jiran ƙashi.
Ta yi baya, hanci ya ƙi ɗagawa
har titi ya ƙare.

Daga gatarin hagu zuwa wutsiya, na karanta.
Daga na dama, na karanta.
Milimita huɗu suka ƙi zuwa.
Rasaki mai walda ya yi dariya:
"Ƙwayar shinkafa ce, Baba, a bar ta."
"A tsaye shinkafa ce.
Da gudu, kwalbati ce."
Muka sassauta, muka cusa sili, muka auna,
har aka kira la'asar a masallacin kwana,
har lamba ta ga lamba.

Saura huji.
Rami ba ya komawa, kowa a rumfar ya sani.
Baba ya ɗauki injin, ya sa bakinsa kan alamar fensir,
na ga bakin yana zana ƙananan da'ira.
Hannun da ya yi shekara talatin yana ɗaure noti a jiragen mutane.
Bai ce komai ba.
Ya goge tafinsa a wando,
ya miƙo mini.

Aka ɗauke wuta.
Rasaki ya ja janareto sau biyar.

Na huda.
Farar ƙura mai ƙaiƙayi ta zubo mini a wuya,
ban sosa ba.
Ƙusa ta shiga da babban yatsa, ba guduma,
ta biyu ma haka.
Muka dama gam a kan sikeli, hadari na haɗowa ta wajen Oshodi,
Baba na roƙon iskar ta bushe ko da na dare ɗaya.

Yana shafawa yake ba ni labarin Iddo:
jaka ɗaya, takalmin roba, adireshi a takardar siga.
"Barin Funtuwa bai yi mini wuya ba.
Sauka ce ta ci mini shekara goma."

Ran Laraba muka zare jakunan.
Ya tsaya da kansa.
Baba ya tura shi da yatsa biyu,
ya gangara bisa allin, bai kauce ba,
taku ɗaya, biyu, huɗu,
ya tsaya a bakin ƙofa.
Ƙafafun sun fi ƙofar faɗi da taƙi guda.

Baba ya daɗe yana duban katangar.
"Wannan ai bulo ne," ya ce.
"Uwani, ina guduma?"